Wane ma'aunin matsi ya dace da injin tsohuwar mota mai sanyaya da iska?

Tambaya: Ina sake haɗa injin Volkswagen Beetle ƙirar 1971. Na sayi fistan da silinda masu faɗin milimita 90.5, wato injin zai tashi daga cc 1584 ya koma cc 1776, na kuma sayi kamshaf (sandar da ke buɗe bawul da rufe su) Engle W100 da ƙananan kabireta guda biyu. Motar hawa ce ta yau da kullum, kuma nakan yi doguwar tafiya da ita. Wani ya ce kada matsin ya wuce 7:1, wani kuma ya ce idan ban kai 9.5:1 ba na yi asarar kuɗina. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu. Da irin kayan da ka lissafa, kuma idan fetur ɗin da za ka riƙa sha na gama-gari ne mai oktan (lambar juriyar fetur ga fashewa da kansa) 91 zuwa 95 a ma'aunin oktan da ake kira RON, wurin zamanka yana tsakanin 8.0:1 da 8.5:1, kuma da ni ne zan haɗa injin da a 8.2:1 zan tsaya. Sai dai wannan lamba ita kaɗai ba za ta amfane ka ba, domin injuna biyu za su iya zama duk a 8.2:1, ɗaya ya yi shekaru yana aiki lafiya, ɗayan kuma ya cinye fistan ɗinsa kafin a zagayo shekara. Abin da ya raba su shi ne hanyar da aka bi aka kai ga lambar, kuma a kan wannan ne zan fi daɗewa.

Ma'aunin matsi kwatanci ne tsakanin fili biyu: filin da ke cikin silinda lokacin da fistan ya ja baya har ƙarshen tafiyarsa, da ɗan filin da ya rage lokacin da ya dawo ya kai ƙololuwa. Wannan ragowar fili kashi biyu ne a injin da fistan ɗinsa shafaffe ne. Akwai kwarmin da ke cikin kan silinda, inda bawul da fulogi suke, akwai kuma ratar da ke tsakanin saman fistan da bakin silinda. Ana haɗa filin da fistan ke sharewa da ragowar filin, sannan a raba jimlar da ragowar filin. A injin 1600 na asali faɗin silinda milimita 85.5 ne, tafiyar fistan kuma milimita 69, don haka kowace silinda tana share kimanin cc 396. Idan kwarmin cc 52 ne, ratar kuma milimita 1.5, wadda a wannan faɗi take ba da cc 8.6, ragowar filin ya zama cc 60.6, lissafin kuma ya faɗo a 7.5:1, wato daidai abin da kamfanin ya sa. A naka injin kowace silinda za ta share kusan cc 444. Ka ɗauki wannan kan silinda mai cc 52 ka ɗora, ka bar rata milimita 1.2, sai ka tsinci kanka a 8.4:1 ba tare da ka taɓa kwarmin ba. Wanda ya haɗa cc 1915 da wannan kai da wannan rata zai tashi a wajen 8.9:1, wanda kuwa ya sa doguwar kiranshaf ta milimita 82 da fistan 94 ya haɗa cc 2276, zai wuce 10:1 yana zaton bai taɓa matsi ba. Mutane da yawa a nan suke faɗawa, domin girman inji da kansa yana ɗaga matsi tun kafin a yi maganar sha'awa.

Kafin ka saurari mai cewa 9.5:1, ya kamata ka san girman ribar da ake nema. A lissafin littafi, injin fetur mai matsi 7.5:1 yana iya juya kashi 55 cikin 100 na zafin mai zuwa aiki, mai 8.5:1 kashi 57.5, mai 9.5:1 kuma kashi 59.4. Babu injin gaske da ke kai waɗannan alƙaluma, amma bambancin da ke tsakaninsu yana nuna gaskiyar lamarin: kowane mataki guda da ka hau yana ƙara maka ƙarfi da kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari, kuma ribar tana raguwa da zarar ka yi sama. A injin da ke ba da ƙarfin doki 75, tashi daga 8.5 zuwa 9.5 bai wuce doki biyu da rabi ba. Riba ce, ban musa ba, kuma injin yakan fi amsa totur da sauri, yakan kuma rage shan mai. Amma idan wannan mataki ya tilasta maka mayar da taimin, wato lokacin tartsatsin fulogi, baya da digiri huɗu ko biyar don gudun ƙwanƙwasa, to ka mayar da ribar har da uwar kuɗi.

Ƙwanƙwasa ita ce iyakar da ke hana kowa hawa yadda ya ga dama. A ƙuna ta lafiya, fulogi yana kunna wuta, harshenta ya bazu a tsanake ya cinye gaurayen iska da fetur daga tsakiya zuwa gefe. Yayin da wutar ke tafiya, tana matse ragowar gaurayen da ke can gefe tana kuma gasa shi. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ko wutar ta yi jinkirin isa, wannan ragowa sai ta fashe da kanta gaba ɗaya, kuma fashewar tana dukan fistan kamar guduma, tana share siririn lulluɓin iskar da ke kare saman ƙarfe daga zafin wuta. Sakamakonta shi ne karyewar ringi da gadar da ke tsakanin ringi, da saman fistan da ya yi kamar an watsa masa yashi, da metal ɗin kwanrod (sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf) da ya daku. Idan abin ya daɗe, wani wuri a cikin kwarmin yakan yi ja har ya riƙa kunna mai kafin fulogi ya yi tartsatsi, kuma wannan shi ne ke huda fistan cikin 'yan mintuna.

Injin da ke sanyaya da iska yana fara wannan kokawa ne da rauni. Motar da ke da lagireto tana riƙe ruwanta a wajen digiri 90 na Salshiyas, ko tana hawan tudu ko tana gangara. Kan silindar Beetle kuwa, idan aka auna a gindin fulogi, yakan zauna tsakanin digiri 150 da 190 a tafiya ta lafiya, kuma dogon tudu a rana mai zafi yana iya tura shi sama da 200, inda alminiyam ke fara sakin jiki, kujerar bawul ta yi sako-sako, tsaga ta bayyana tsakanin kujera da ramin fulogi. Gaurayen da ya shiga irin wannan ɗaki ya riga ya ɗumama tun kafin a matse shi, don haka matsin da injin ruwa zai ɗauka cikin sauƙi shi ne zai sa na iska ƙwanƙwasa. Ga kuma wata matsala: injin yana bayanka, fanka tana kuka, haƙarƙarin silinda suna amsa amo, saboda haka ƙwanƙwasa mai sauƙi ba lalle ne kunnenka ya kama ta ba. Kuma babu na'urar da ke sauraro a madadinka ta ja taimin baya kamar yadda ake yi a motocin zamani.

Abin da kamfanonin da kansu suka yi darasi ne. Volkswagen ta fara da 5.8:1 a injin cc 1131 na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hau 6.6:1 a tsakiyar shekarun 1950, ta kai 7.0:1 a injin 1200 na farkon shekarun 1960, sannan ta tsaya a wajen 7.5:1 a injunan 1500 da 1600, waɗanda aka tsara su sha fetur mai oktan 91. Hawan ya bi ingantuwar fetur ne, kuma kamfanin ya bar sarari mai faɗi saboda motar za ta je ƙasashen da mansu ba shi da kyau, a hannun direbobin da ba sa duba taimin. Porsche, wadda ke sayar wa masu son gudu motoci masu sanyaya da iska a lokacin, ta sa 9.0:1 a 356 Super 90 da 9.8:1 a 911S mai lita 2.2, amma da ta fitar da mai lita 2.4 sai ta sauko 8.5:1 domin ya sha fetur na gama-gari. Carrera RS mai lita 2.7 ta 1973, wadda har yau ake yabo, a 8.5:1 ta ba da ƙarfin doki 210. Sai da aka zo ƙirar 964 a 1989, aka sa fulogi biyu a kowace silinda da na'urar jin ƙwanƙwasa da kwamfuta mai sarrafa wuta, sannan suka kai 11.3:1. Wanda ya ce maka injin iska yana ɗaukar 11:1 bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya maka kayan da aka jingina wannan lamba a kansu ba.

Yanzu ga maganar da na ce zan daɗe a kanta, wato ratar saman fistan. Idan ka kifa kan silindar Beetle ka duba, za ka ga kwarmin bai cika da'irar silinda ba. Akwai shafaffun wurare a gefensa. Lokacin da fistan ya kusa ƙololuwa, gaurayen da ke tsakanin saman fistan da waɗannan shafaffun wurare yakan matsu ya fesu da ƙarfi zuwa cikin kwarmin, ya hargitsa abin da ke ciki, wutar ta ci da sauri. Wuta mai sauri tana gama aikinta kafin ragowar gefe ta samu lokacin fashewa, kuma ba ta bukatar a kunna ta da wuri sosai. Ban da haka, ɗan abin da ya rage a cikin matsattsiyar ratar yana manne da ƙarfe ta fuska biyu, ƙarfen yana zuƙe masa zafi, don haka ba ya kai ga fashewa. Wannan amfani yana samuwa ne kawai idan ratar ƙarama ce, tsakanin milimita 1.0 da 1.5. Ƙasa da milimita 1.0 akwai haɗarin fistan ya taɓa kai idan injin ya yi gudu sosai, domin kwanrod yana miƙewa, fistan yana ɗan karkata, kiranshaf na asali kuma tana lanƙwasa. Sama da milimita 2 kuwa feshin ya mutu, ratar ta koma wani lungu mai faɗi da wuta ke jinkirin isa, wato ainihin wurin da ƙwanƙwasa ke haihuwa.

Matsalar ita ce, hanya mafi arha ta rage matsi a wannan inji ita ce a cusa shim, wato siririn zoben ƙarfe, a gindin silinda, a ɗaga ta daga jikin inji. Yin haka yana faɗaɗa ratar ne kawai. Ka koma ga mai cc 2276 ɗin nan: domin ya sauko 8.5:1 yana bukatar ragowar fili cc 76. Idan ya riƙe kai mai cc 52 ya cike gibin da shim, ratar za ta kai milimita 3.4. A takarda ya samu 8.5:1, a kan titi kuwa ya samu inji mai kasala, mai zafi, mai neman taimin da yawa, wanda zai iya ƙwanƙwasa fiye da wani mai 9:1 da matsattsiyar rata. Abin da ya dace shi ne ya bar ratar a milimita 1.2, ya nemi kai mai kwarmi cc 67 ko 68, ko a buɗe masa nasa a kewayen bawul, ko ya sa fistan mai kwarmi a tsakiya wanda gefensa ya kasance shafaffe. An taɓa kawo mini wani inji da mai shi ke kukan zafi, alhali an rantse masa cewa matsinsa bai kai 7.5:1 ba. Da na buɗe na tarar da shim biyu a gindin kowace silinda da rata kusan milimita 3. Na cire shim ɗin, na buɗe kwarmin kaɗan, matsin ya hau sama da 8:1, na rage taimin, zafin kan silinda kuma ya sauka. Mai motar ya daɗe bai yarda cewa ƙara matsi na yi ba.

Tsarin aikin ke nan: ka fara kafa rata, sannan ka nemi lambarka a cikin kwarmin. A naka injin, rata milimita 1.2 tana cin cc 7.7. Domin 8.2:1 kana bukatar ragowar fili cc 61.7, wato kwarmi cc 54. Idan kana son 8.0:1 kwarmin zai zama kusan cc 56, idan 8.5:1 ne kuma cc 51.5. Ka lura cewa cc huɗu da rabi kacal, abin da bai cika ƙaramin cokali ba, shi ne ya raba 8.0 da 8.5, kuma wannan ya isa ya nuna maka cewa ƙiyasi da ido ba shi da wuri a nan.

Shi kuwa mai cewa 7:1 ba daga sama ya ɗauko maganarsa ba. Gene Berg, wani sanannen mai haɗa injunan Volkswagen a Kalifoniya, ya shafe shekaru yana kira ga ƙaramin matsi a injunan hawa, kuma ya yi hakan ne a zamanin da Amurka ke cire dalma daga fetur, oktan yana faɗuwa, injuna suna ƙonewa. Manufarsa ita ce inji ya daɗe, kuma ina girmama wannan. Inda na saɓa da masu bin wannan ra'ayi ido rufe shi ne, ƙaramin matsi ma yana da nasa zafin. Gaurayen da ba a matse sosai ba yana ci a hankali, ba ya faɗaɗa sosai kafin bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, don haka hayaƙin yana fita da zafi mai yawa, ya bi ta kan bawul da mashigar da ke cikin kan silinda. Direban kuma dole ya ƙara taka totur kafin ya riƙe gudun da yake so. Da kamshaf na asali 7:1 zai yi aiki, amma da kamshaf mai tsawon buɗewa asara ce tsantsa.

Dalilin yana cikin lokacin da bawul ɗin shigar iska ke rufewa. Lissafin da muka yi ya ɗauka cewa matsi yana farawa tun daga ƙarshen tafiyar fistan, alhali a zahiri bawul ɗin yana nan a buɗe har sai fistan ya juyo ya ci wani ɓangare na hanya. A inji mai tafiya milimita 69 da kwanrod na asali mai milimita 137, idan bawul ya rufe digiri 40 bayan juyowar fistan, abin da ya rage na tafiya milimita 62.7 ne, don haka 8.5:1 na takarda ya zama 7.8:1 a aikace. Idan kuwa sai a digiri 65 ya rufe, saura milimita 52.7, kuma wannan 8.5:1 ɗin ya koma 6.7:1. Shi ya sa babban kamshaf ke neman babban matsi, ƙarami kuma ba ya jure shi. W100 ɗinka yana riƙe bawul a buɗe digiri 236 idan aka auna daga ɗagowar inci 0.050, W110 digiri 247, W120 kuma 253. A nawa hukuncin, kamshaf na asali yana jin daɗi daga 7.5 zuwa 8.0, W100 daga 8.0 zuwa 8.5, W110 daga 8.5 zuwa 9.0, W120 da na sama da shi kuma su ne ke da hujjar neman 9.0 zuwa 9.5, da sharaɗin mai mai kyau. Abokinka mai 9.5:1 wataƙila irin wannan kamshaf ne a motarsa. Kada dai a ɗauki wannan lissafi a matsayin kariya ta dindindin, domin idan inji ya kai gudun da kamshaf ɗin ke cika silinda sosai, iskar da ke komawa baya a ƙaramin gudu ta daina komawa, matsin gaske ya dawo da ƙarfinsa.

Game da fetur, ka tabbatar da ma'aunin da aka rubuta a jikin famfo. Turai da yawancin duniya suna rubuta RON, Amurka da Kanada kuma suna rubuta matsakaicin RON da wani ma'aunin oktan mai suna MON, wanda ke fitowa ƙasa da maki huɗu zuwa biyar. Fetur mai 87 a famfon Amurka ya yi daidai da 91 ko 92 na RON, mai 91 kuma kusan 95 ne. Wanda ya karanta shawarar Ba'amurke cewa injinsa yana shan 91 lafiya, ya je ya sha 91 na RON, ya sha abin da bai kai ba. Ka gina injin a kan mafi munin man da za ka iya samu a tsakiyar doguwar tafiya, ba a kan mafi kyawun da ke kusa da gida ba. Idan man yana da kashi goma na etanol, yana bukatar ƙarin mai kaɗan a gauraye, domin daidaitonsa yana wajen iska 14.1 ga mai 1 maimakon 14.7, kuma kabireta ba ta gyara kanta. Jet ɗin, wato ƙaramin ramin da ke auna mai a kabireta, da aka zaɓa wa tsantsar fetur zai bar injin da ƙarancin mai.

Nauyin mota da yanayin wuri suna matsar da lambar rabin mataki sama ko ƙasa. Beetle ba ta da nauyi, kuma a gudun babbar hanya totur ɗinta ba a buɗe yake sosai ba. Bas ɗin Kombi mai irin wannan inji yana tura iska kamar bango, yana yin sa'o'i totur a kusan ƙasa, shi ya sa ko injin lita 2 na bas Volkswagen ta bar shi a 7.3:1; da bas kake haɗa wa, da na ce ka tsaya tsakanin 7.5 da 7.8. Zama a wuri mai tsayi sama da teku kuma yana ba da rangwame, domin nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 11 cikin ɗari a mita dubu na farko, don haka motar da ke zaune a tsayin mita 1500 tana iya ɗaukar ƙarin rabin mataki, muddin ba za ta riƙa sauka bakin teku da kaya ba. Manyan tayoyi ko doguwar giya suna rage juyin inji, fanka kuma da juyin inji take tafiya, sai a samu kaya mai nauyi da iska kaɗan. Tarbo wani babi ne daban: Porsche 930 ta farko, mai tarbo, a 6.5:1 ta fito.

Duk abin da na faɗa ya rataya ne a kan cewa sanyaya injin a cike take. Ƙirar 1971 ta zo da sa'a, domin a shekarar ne aka fitar da na'urar sanyaya baƙin mai daga hanyar iska zuwa wani ɗaki nata a bayan gidan fanka, aka kuma faɗaɗa fankar. Kafin nan iskar da ta ratsa na'urar ce ke sauka a kan silinda ta uku da ɗuminta, har kamfanin ya riƙa jinkirta wutar wannan silinda kaɗan a cikin distiributa. Ka riƙe wannan gidan fanka na asali, ka mayar da kowane gwangwanin da ke jagorar iska, har da ƙananan da ke ƙarƙashin silinda waɗanda ake yawan mantawa, da robar da ke kewaye da inji tana hana iskar salansa dawowa sama, da robobin da ke toshe ramin fulogi. Kada ka sa ƙaramin fuli, wato faifan da ke juya bel ɗin fanka, don neman doki biyu. Injin da ya rasa waɗannan ba shi da lambar matsin da za ta cece shi.

Wajen awo, kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Kan silindar da ya yi shekara hamsin mai yiwuwa an taɓa yanke shi, kuma buɗe shi da za a yi domin silinda 90.5 ta zauna yana iya canza kwarmin. Bayan an gama duk aikin injin yanka, ka sa bawul da irin fulogin da za ka yi amfani da shi, ka yanko faifan roba mai haske daidai da mazaunin silinda, ka huda shi, ka shafa giris kaɗan a gefe ka manna, sannan ka ɗura ruwa mai launi da bututun awo ko sirinji har kumfar iska ta ƙare. Ka auna duka huɗun, ka daidaita su kada bambancinsu ya wuce cc ɗaya, kana sassaƙar ƙananan su kamo babban. Ratar kuma ana auna ta ne bayan an ɗaure silinda da ƙarfi a jikin inji kamar yadda kai zai danne ta, a auna a kan layin fil ɗin fistan domin karkatarsa kada ta ruɗe ka, a kowace silinda daban. Wannan inji ba shi da gasket tsakanin kai da silinda, amma idan ka sa zoben tagulla a wurin, ko mai yankan ya bar ɗan mataki a cikin kai, kaurinsa yana cikin ratar, dole a lissafa shi. Ka tuna kuma cewa duk yanka ko shim yana canza faɗin injin, saboda haka sai an sake duba tsawon sandunan tura bawul da yadda roka ke zama a kan bawul. Ka ɗora yumɓun wasa a saman fistan ka juya injin da hannu, ka tabbatar akwai aƙalla milimita 2 tsakanin bawul da fistan.

Idan injin ya tashi, ka saita taimin a cikakken ci gabansa, ba a salo ba, wato ba lokacin da injin ke juyawa a hankali ba a taka totur ba: digiri 28 zuwa 30 kafin ƙololuwa, a juyi 3000 zuwa 3500 a minti, tiyon iska na distiributa a cire, kuma kada ya wuce 32. Ka sa jet ɗin da zai ba da wajen iska 12.5 zuwa 13 ga mai 1 idan totur yana ƙasa. Ka ɗaura ma'aunin zafin kai a gindin fulogin silinda ta uku, domin zafin baƙin mai ba ya gaya maka halin da kai yake ciki. Bayan ringi sun zauna, ka nemi dogon tudu da rana tsaka, ka hau shi a giya ta huɗu daga juyi 2500, ka saurari ƙara irin ta tsakuwa a cikin gwangwani, sannan ka cire fulogi ka duba farin tangaran ɗinsa da madubin ƙara girma. Ɗige-ɗige baƙaƙe kamar barkono ko masu ƙyalli kamar azurfa alama ce ta ƙwanƙwasa ko da kunnenka bai ji ba. Idan ka gan su, ka fara da rage taimin digiri biyu, ka ƙara girman babban jet mataki ɗaya, ka gwada fulogi mai sanyi da mataki ɗaya. Idan sai ka sauko ƙasa da digiri 26 kafin su ɓace, matsin ya fi ƙarfin man da kake sha, sai a cire kan silinda a ƙara wa kowane kwarmi cc biyu ko uku, a bar ratar yadda take.